Allurar Ɓeraye da Nonon Marta

Aminu, wannan babin naka ne, ko da yake sauran 'yan'uwanka ma su karanta. Na san abin da kuka tashi kuna ji a gidanmu na unguwar Ambasatna: wai a shekarar yaƙi kana bakin mutuwa, magani yana hannun Baffa Habu, ya hana. Gaskiya ne, na hana, kuma ko yau aka mayar da ni tsakar gidan nan zan sake hanawa. Amma zancen ya fi haka tsawo. Mahaifinka, Yaya Usman, ya koma ga Allah bai ƙarasa maka shi ba, Inna, kakarka, ma haka, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Ga shi kuma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, don haka gara in rubuta tun hannu yana riƙe alƙalami.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakanmu ya shigo garin nan da goro tun zamanin Nasara, kuma duk namijin da aka haifa a gidan yakan buɗe ido ya tarar da rumfarsa tana jiransa a kasuwa. Ni kaɗai na bauɗe. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na ƙi rumfa, na sami aiki a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje, da ke bayan gari inda ake binciken cututtukan dabbobi. Aikina kuwa, in faɗa ba kunya, kiwon fararen ɓeraye ne. Ni ke ba su abinci, ni ke auna nauyinsu, ni ke rubuta ranar da kowace ta haihu. Yaya Usman bai taɓa gajiya da wannan abin dariya ba. Duk ranar Juma'a, in muka haɗu cin tuwo a zaure, sai ya jira bakina ya cika kafin ya fara.

"Duniya kowa na neman mage, ƙanena yana ba ɓera abinci da agogo. Sarkin Ɓeraye, yaya talakawa?"

Shugabarmu wata Bafaranshiya ce, Dakta kawai muke ce mata. Abin da ya dame ta shi ne 'yan awaki da maruƙan da ke mutuwa da zawo in an raba su da uwa da wuri. Ta zaɓi ɓera ne saboda saurin girmansa, sati uku ya isa yaye. A wurinta na koyi cewa hanjin jinjiri ba hanjin babba ba ne da aka rage wa tsawo. A bangon hanji akwai wasu sinadarai da muke kira anzim, kowanne da aikinsa. Ranar haihuwa masu narkar da nono a farke suke, masu narkar da hatsi da sukari kuwa barci suke yi. Abin da ke tada su wani sinadari ne da ke yawo a jini, ormon, wanda ke fitowa daga wata 'yar tsoka da ke zaune bisa ƙoda, dangin kortizon ke nan, tare da taimakon wani da ke fitowa daga maƙogwaro, inda maƙoƙo ke tsirowa. In sati na uku ya kama, ormon ya ƙaru a jini, sai hanji ya sake hali cikin 'yan kwanaki. Amma abin da Dakta ta fi ƙauna wasu anzim ne na dabam, waɗanda ba ruwansu da abinci. Aikinsu su tare ormon ɗin nan da danginsa in sun shigo bangon hanji, su sauya su, su rage musu kaifi don kada su wuce gona da iri. Su ma da lokacin tashinsu, kuma ormon ɗin yana cikin masu daidaita su. Wato shi da kansa yake taya jiki shirya waɗanda za su taka masa birki. Na daɗe ina jinjina wannan hikima ta Ubangiji, har yau ban gama ba.

Wata rana Dakta ta ce mu yi wa ɓeraye 'yan kwana goma allurar kortizon mu ga. Ni na yi da hannuna. Bayan kwana uku abokin aikina Gaston, wanda ke yanka hanjin yana aunawa, ya kira ni yana murna: hanjin 'yan kwana goma sha uku yana narkar da sukari kamar na waɗanda aka yaye. Ranar Juma'ar nan, da Yaya ya fara tsokanarsa, na ajiye lomata na dube shi.

"Ku yi ta dariya. Ni ina da allurar da ke sa jinjiri ya ci tuwo tun lokacinsa bai yi ba. A rumfar wa ake sayar da irinta?"

Zaure ya yi tsit, kuma na ji daɗin tsit ɗin nan ƙwarai. Daga ranar, duk sanda aka taɓa ni sai in zaro zancen allura. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne yadda 'yan ɓerayen suka ƙare. Sun tsumbure, gashinsu ya ƙi fitowa sosai, kuma ciwon da 'yan'uwansu ke warkewa daga shi su yakan tafi da su. An buɗe musu hanji da ƙarfi alhali sauran jikin bai shirya ba. Wannan duk na rubuta shi a littafin awo da kyakkyawan rubutuna, amma a zaure na haɗiye shi, don zai rage wa labarin armashi. Laifina ke nan a cikin wannan al'amari, kuma ba ƙarami ba ne.

Sai yaƙi ya shigo gari. Ba zan ba ku labarin wa ya harbi wa ba, kun karanta a makaranta. Mu abin da muka sani, gari ya rabu, titin da kake bi kullum ka je aiki ya zama wurin da ko akuya ba ta ƙetarewa. Turawa suka kwashe nasu. Kafin Dakta ta tafi ta danƙa mini littattafan awo da wani ƙaramin akwati mai 'yan kwalaben kortizon shida da sirinji, ta ce in adana har ta dawo. Ɓerayen kuwa na buɗe musu keji, ban san yadda suka ƙare ba. Bayan kwana kaɗan Gaston ya ƙwanƙwasa ƙofarmu da hantsi, shi da matarsa Marta. 'Yan Kudu ne, Kiristoci, kuma a kwanakin nan wannan kaɗai ya isa a tsayar da mutum a hanya a ƙi sakinsa. Jaririyarsu 'yar wata biyu ta rasu da zazzaɓi kwana biyu kafin nan, sun binne ta a bayan gidan da suka gudo suka bari. Ina so ku riƙe wannan: Yaya Usman ne ya buɗe musu ƙofa, shi ne ya sa aka kwashe huhunan goro daga ɗakin baya aka shimfiɗa musu tabarma. Mahaifinka mai zafi ne, amma ba mugu ba ne.

Kai kuma a cikin wannan hargitsi aka haife ka. Mahaifiyarka Rabi ta sauka lafiya, har an yi suna da ɗan abin da ya samu, sannan zazzaɓin jego ya kama ta. Asibiti yana can ƙetaren inda ake ɓarin wuta. Muna kallo ta tafi, kana da sati uku a duniya. Matata Hadiza ba ta goyo a lokacin, akuyar gidan an daɗe da yankawa, madarar gwangwani kuwa na zaga unguwannin Ambasatna da Bololo har inda ƙafa za ta iya kaiwa, kowane mai shago amsarsa ɗaya, ma fi, babu. Inna ta yi abin da ta iya. Ta tace koko ya yi ruwa-ruwa, ta sa sukari, tana ɗiga maka da cokali. Yana shiga yana fita. Cikin kwana huɗu maɗigarka ta faɗa, fatar cikinka in an ja ba ta komawa, kukan ma ya zama kamar na ɗan mage. Ni na san abin da nake gani, na gan shi a keji sau ba adadi. Masu narkar da hatsi a hanjinka ba su tashi ba tukuna.

Ranar ta biyar da hantsi, ana jin harbi daga nesa, Inna na zaune da kai a cinya a gindin dalbejiya, Yaya ya fito daga ɗakinsa ya tsaya a kaina. Tun rasuwar Rabi bai yi magana mai tsawo da kowa ba.

"Habu, ina pikir ɗin nan, allurar taka? Na ga akwatin ranar da ka shigo da shi. Ɗauko."

"Yaya, ba ta mutane ba ce."

"Kai ka ce tana sa jinjiri ya ci tuwo. Ni koko kawai nake so ya riƙe. Yalla, maza ɗauko."

Nan na faɗa masa sauran labarin, tsumburewa da mace-macen da komai. Na ce masa ko a ɓera ba ta yi amfani ba, balle ɗan mutum da zawo ya riga ya tsotse. Na ce maganin nan yana kwantar da ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi, kuma kai ɗan abin da ya rage maka ke nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi maganar da har yau in na tuna nake jin ta a ƙirjina.

"Shekara uku kana ba mu rabin magana, sai yau da ɗana ke mutuwa ka tuna da ɗaya rabin? Wanne zan yarda da shi? Kalas, shi ke nan, ni zan yi masa. Na sha yi wa raguna."

Ya nufi ɗakina. Na san Yaya, in ya ce zai yi to zai yi, kuma na san yau in na ɓoye gobe zai tono. Na riga shi shiga, na fito da akwatin, na juye kwalaben shida cikin turmin Inna, na ɗauki taɓarya. Ban taɓa daka ba a rayuwata sai ranar. Sau uku na sauke ta. Yaya ya ɗauke ni da mari a gaban matata, ina da shekara talatin da biyu, ban ɗaga hannu ba.

"In ya mutu, kai ka kashe shi."

"Na ji," na ce. "Amma akwai nono a gidan nan."

Kowa ya san da shi, ba wanda ya iya furtawa. Marta tana ɗaure ƙirjinta da tsumma tun zuwanta, gaban rigarta kullum a jiƙe, Hadiza ta ce mini takan juya wa bango fuska in ta ji kukanka. Amma mu mun tashi a kan cewa nono da hali yake tafiya, abin da yaro ya tsotsa shi zai zama. Yaya ya ce ya ba su ɗaki, zai ba su rigar wuyansa in sun nema, amma ɗan Rabi ba zai sha nonon da ba na Musulma ba. Na fara kawo masa hujja, Inna ta ɗaga mini hannu. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, don haka sai ta yi magana tana kallon turminta.

"Ɗaya ya lalata mini turmi, ɗaya yana yi mini fatawa, yaro kuma yana ƙarewa a cinyata. Hadiza, ɗauki ƙoƙo ki je wurin baƙuwar nan, ki ce ina roƙonta ta ɗan tatso mini."

Na gane abin da za ta yi. Tsofaffinmu in suna shakkar nonon mace sukan tatsa a ƙoƙo su jefa ƙiyashi a ciki. In ya mutu, nonon mugu ne, in ya fito da ransa, lafiyayye ne. Ni da na yi shekaru ina awo da ma'auni na san wannan gwaji ba ya nuna komai sai ƙarfin ƙiyashin da aka kama. Da a wata rana ce da na yi mata lacca. Ranar kuwa na bar ta ta yi abinta. Inna ta tsinto ƙiyashi daga gindin bishiya, ta sake shi a tsakiyar nonon, mu huɗu muka sunkuya a kan ƙoƙon. Wallahi ban taɓa yi wa wata halitta addu'a kamar yadda na yi wa ƙiyashin nan ba. Ya yi ta wutsil-wutsil, ya juya, ya kai gefe, ya zame, ya sake kamawa, ya hau bakin ƙoƙon ya tsaya yana share ƙafafunsa.

"Lafiyayye ne," in ji Inna. "Sauran magana ta malamai ce, a tambaye su in an daina harbi."

Ta miƙe da kai ta nufi ɗakin baya da ƙafarta. Yaya bai tare ta ba, bai kuma bi ta ba.

Ba ka da ƙarfin tsotsa, sai da Marta ta yi kwana biyu tana tatsa a cokali tana ɗiga maka, kaɗan-kaɗan, ba ta gajiya. Rana ta uku ka kama da kanka. Ni kuma na koma sana'ata: na buɗe shafi a bayan littafin Dakta, ina rubuta sau nawa ka yi bayan gida da launinsa, ina auna ka da ma'aunin goro. Hadiza ta ce na mayar da ɗan mutane ɓera. Ban damu ba. Ranar da kashinka ya koma rawaya ya yi kauri na zaga gidan da tsumman a hannu ina nuna wa kowa, har Inna ta ce in fita mata da shi daga madafa. Yaya ya leƙa, ya gani, ya kau da kai. Magana dai bai yi mini ba, kuma ya daɗe bai yi ba.

Bayan sati uku Gaston ya sami labarin wata babbar mota da za ta yi Kudu da mutanensu, da wurin mutum biyu. Ya zo ya same ni a zaure, Marta na biye da shi da kai a kafaɗarta. Ita ta yi tambayar, da Larabcin garin nan, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba.

"Habu, kai ka san aikin hanji. Kwana nawa ya rage nasa ya buɗe?"

Da na ce sati biyu, da na ce ya kusa, da ta tafi da mijinta da zuciya ɗaya, mu kuma mu koma ga koko da addu'a. Da na ce ban sani ba, da ƙarya na yi. Na riga na ga abin da rabin magana ke jawowa. Na ce mata ba kwanaki ba ne, watanni ne, sai ka kai wata shida in ana son a kwana lafiya, kuma yanzu ko biyu ba ka cika ba. Gaston ya san lissafin kamar yadda na sani. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce da Faransanci:

"Da ɗan ɓera ne, da tuni mun gama."

Marta ba ta dubi kowa ba. Ta gyara maka kai a kafaɗarta.

"Na bar guda a ƙasa a garin nan. Ba zan bar na biyu ba. Ka je ka gyara mana wuri, zan biyo ka."

Gaston ya tafi. Ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi. Daga baya mutanen gidanmu suka riƙa cewa ai kai ka cece ta, da ta shiga motar da ita ma ta ɓace. Ban yarda da wannan ba, kuma kada ka yarda. Ba wanda ya san abin da ya sami motar. Mun ƙirƙiro zancen ne don mu sauke wa kanmu nauyi, kamar yadda daga baya muka riƙa ce maka wata mai aiki ce ta taya renonka, don ya fi sauƙin faɗa a gaban surukai. Marta ba ta taɓa yi mana aiki ba. Wata huɗu ta ƙara a ɗakin goro, tana cin abin da muke ci, tana rama kana ƙiba, kullum da safe tana tambayata ko an ji wani labari daga Kudu. A kan kwalaben ban taɓa yin nadama ba. A kan amsar da na ba ta a zaure kuwa, na san gaskiya na faɗa, amma ba ni na ɗauki nauyin gaskiyar ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Da ka cika wata shida an ɗan sami lafawa, kasuwa ta fara ci, Yaya ya samo akuya mai nono. Inna ta dama koko, irin wanda ya kusa kashe ka, ta ba ka cokali uku. Na kwana biyu ina duba tsummanka. Ya zauna daram. Na je na gaya wa Marta. Ta ce alhamdu lillahi kamar yadda ta ji muna faɗa, ta tashi ta fara ɗaure kayanta. Inna ta roƙe ta ta ƙara ko wata guda, ta ce a'a, akwai wanda ke jiranta, ko kuma akwai wanda ya kamata ta nema.

Ranar tafiyarta na sunkuya zan ɗauki ƙullin kayanta, sai wani hannu ya riga ni. Yaya Usman ne, mutumin da wata biyar bai haɗa ido da ita ba. Ya ɗora ƙullin a kansa, alhaji guda mai rumfa uku, ya wuce gaba har tasha, mutanen unguwa na kallo. A bakin motar ka fara kuka kana jan rigarta. Ta duba hagu da dama, maza ne ko'ina. Yaya ya tuɓe babbar rigarsa, ya ware ta da hannu biyu ya juya baya, ya yi mata labule, ta ba ka na ƙarshe a tsaye. Da ta gama Inna ta miƙo hannu za ta karɓe ka, amma ita Yaya ta miƙa wa.

"Ga ɗanka, Alhaji. Ba ya son cokali mai sanyi, a ɗumama shi tukuna."

Yaya ya karɓe ka. Har motar ta tashi yana tsaye da kai a kafaɗa.

Kwana uku kana kuka kana waige-waige, ka ƙi akuya, ka ƙi koko, ka ƙi Inna, har tsoro ya fara kama ni ko na yi kuskuren lissafi. Yaya ya rufe rumfarsa, ya yi ta zagaya tsakar gida da kai a kafaɗa. Rana ta huɗu da safe na gan shi tsugune a bakin murhu, ya tsoma cokali a ruwan ɗumi, ya taɓa shi a kumatunsa, sannan ya ɗebo koko. Ka karɓa, ka haɗiye, ka buɗe baki kana neman ƙari. Ita kuwa ba mu sake jin labarinta ba.